Sharhi Kan GTA V, Wasan Fashin Da Ɗaliban Sakkwato Ke Gardama A Kansa

A shagunan gem na Sakkwato, daga Mabera zuwa Runjin Sambo har unguwannin da ɗaliban jami'ar Usmanu Danfodiyo ke haya, ƙwallo ce ke kawo ciniki. Amma da layin masu ƙwallo ya lafa, wasan da ake yawan cewa a saka shi ne Grand Theft Auto V, wanda kowa ke kira GTA. Kamfanin Rockstar Games ne ya fitar da shi ranar 17 ga Satumba, 2013. Cikin kwana 3 ya yi cinikin dala biliyan 1, kuma zuwa yanzu an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Wasan da ya haura shekara goma ana rububinsa ba ya buƙatar talla daga wurinmu. Abin da yake buƙata shi ne a auna shi, musamman da yake ɗalibai sun mai da shi abin muhawara: wasu na cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa, wasu na cewa yana koyar da ta'addanci.

Hukuncinmu a taƙaice: wajen ƙira da tsari wasa ne mai kyau ƙwarai, bai dace da yaro ba ko kaɗan, kuma abin da ya fi shiga kan matashi a cikinsa ba harbin ba ne, darasin kuɗin ne.

Bari mu fara da bugun wasan da zai yi aiki a nan. Na na'urar PlayStation 3, wato PS3, shi ne mafi araha, yana neman giga 8 a ma'ajin na'ura, labarin duka yana ciki, sai dai an rufe masa wasan intanet tun 16 ga Disamba, 2021, shi da na Xbox 360. Na PS4 ya fito a Nuwamba 2014, shi ne ya fi dacewa da yawancin masu saye a Sakkwato: hoto ya fi tsabta, motoci da mutane sun fi yawa a titi, ga makanikai da kayan gyara ana samu. A ware masa aƙalla giga 50, da sabuntawa kuma ya wuce haka sosai. Na PS5 na Maris 2022 ya fi saurin buɗewa da santsin motsi, amma labarin ɗaya ne, bai kai a canja na'ura dominsa ba. A kwamfuta kuwa, an rubuta cewa RAM giga 4 da katin hoto mai giga 1 sun isa ga tsohon bugun, amma a aikace wanda ba shi da giga 8 zai sha tsinkewar hoto da zarar ya shiga gari da gudu. Kwamfutar cinya ta rubuta furojet, wadda ba ta da katin hoto na daban, a bar ta ta yi aikinta.

Babu GTA V na waya. Rockstar bai taɓa fitar da shi a Android ko iPhone ba. Duk wanda ya turo maka mahaɗi a WhatsApp ya ce ga shi nan kyauta, ko dai tsohon GTA mai suna San Andreas ne aka yi wa kwalliya, ko manhajar talla ce mai cinye data, ko kuma wadda za ta nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin banki ke shigowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma na'urorin da ake sayarwa an riga an fasa musu tsaro an loda wasanni. Ban da cewa kayan sata ne, matsalarsu biyu: ba sa shiga wasan intanet, kuma ranar da wani yaro ya danna amincewa da sabunta manhajar na'urar, wasannin duka sun kulle.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan wasa a garinmu. Sony ya rubuta cewa PS4 na aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ana wuce 40 a inuwa, balle shagon kwano mai ƙofa ɗaya. GTA kuma yana matsa wa na'ura fiye da ƙwallo, domin kullum tana zana gari guda ne yayin da kake gudu. Alamar farko ita ce fanka ta fara kuka, sai gargaɗin zafi ya fito, sai na'ura ta kashe kanta. A bar mata tazarar santimita 10 daga bango, kada a sa ta cikin durowa ko a kan kafet, kada a ɗora ɗaya kan ɗaya. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa ne a haƙoran ƙarfen da ke bayan fanka, inda hura iska daga waje ba ta kaiwa. Bayan kowane hunturu a kai wa makaniki ya buɗe ya share, idan na'urar ta shekara uku ko fiye ya canja man sanyaya firosesa, wanda ke bushewa ya zama kamar alli.

Wuta ma lissafi gare ta. PS4 ɗaya da talabijin inci 32 suna jan kusan wat 200 tare. Huɗu sun kai 800, wato sun fi ƙarfin ƙaramin janareto irin na masu shagon caji. Batir mai 200Ah na bolt 12 yana riƙe da kimanin wat-awa 2,400, amma idan na ruwa ne rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri, ke nan awa biyar zuwa shida ga tebur ɗaya. Idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da wasan ke adana inda ka tsaya, fayil ɗin na iya lalacewa. Gyaran farko: a kashe na'urar gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, kusan daƙiƙa 7, a haɗa fad da wayar USB, a zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge komai. Zaɓin Initialize kuwa yana share na'urar tas, a kiyaye. Ƙaramin UPS, akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, tsakanin soket da na'ura ya fi duk wannan wahala sauƙi.

To shi wasan kansa fa? Mutum uku kake sarrafawa a birnin Los Santos, wanda aka kwaikwayo daga Los Angeles ta Amurka. Michael tsohon ɗan fashin banki ne da ya yi ritaya, Franklin matashi ne ɗan unguwar talakawa mai neman mafita, Trevor kuwa mahaukaci ne tuburan. Ayyukan babban labari 69 ne. Tuƙi yana da daɗi, garin yana da rai, sauyawa tsakanin mutum ukun a tsakiyar aiki abu ne da har yau ba a cika samun wanda ya yi shi da kyau haka ba. Harbin kansa ya tsufa, saitin yana manne wa abokin gaba da kansa, ba ya neman gwaninta.

Inda masu cewa wasan na sa tunani suke da gaskiya shi ne shirin fashi. A fashin shagon gwal na farko, kai za ka zaɓi hanya, ta ƙarfi ko ta dabara da hayaƙin sa barci, sannan ka ɗauki ma'aikata, kowa da kasonsa. Paige, gwanar kwamfuta, tana karɓar kashi 15 cikin ɗari, amma tana riƙe ƙararrawa ka samu lokacin kwashe komai. Rickie kashi 4 yake karɓa, lokacin da zai ba ka kaɗan ne. Ɗan bindiga Norm kashi 7 ne, rabin na Gustavo, sai dai a hanyar gudu yakan faɗi da babur da jakar kaya, idan ba ka tsaya ka ɗauka ba ta tafi. Araha ba ta ado. Amma kuma ma'aikacin da ya tsira yana ƙara ƙwarewa a fashi na gaba ba tare da kasonsa ya ƙaru ba, don haka mai arha na yau zai iya zama riba gobe. Wannan lissafi ne na gaske: riba, haɗari, da abin da zai biyo baya. Matsalar ita ce irin waɗannan wurare ba su da yawa, manyan fashin ba su wuce shida ba, kuma duk amsoshin suna YouTube. Ɗalibin da ya kalli bidiyo ya kwafi zaɓin wani bai yi tunanin komai ba. Wanda ke neman wasan motsa ƙwaƙwalwa, dara da ces sun fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai batun tashin hankali, inda gardamar ta fi zafi kuma hujja ta fi ƙaranci a ɓangarorin biyu. Da farko a san abin da ke cikin faifan. Hukumar tantance wasanni ta Turai ta ba shi shekara 18, ta Amurka 17 zuwa sama, kuma an buga a jikin kwalin. Akwai kisa, ashar ba iyaka, ƙwaya, giya, gidan rawar tsiraici da karuwai. Akwai aikin da ake kira By the Book, inda kai da hannunka za ka azabtar da mutumin da aka ɗaure a kujera, da filaya da wutar lantarki da ruwa, kuma yana cikin babban labari, sai ka bi ta kansa za ka ci gaba. Daga na PS4 aka ƙara yanayin kallo ta idon ɗan wasan, wanda ke kawo komai kusa da fuska. Babu wani maɓalli da ke kashe jini ko ashar. A Disamba 2014 manyan shaguna biyu a Ostareliya, Target da Kmart, sun janye shi daga kantunansu saboda ƙorafi kan yadda ake cin zarafin mata a ciki. Ɗalibin da ya ce "ai wasa ne kawai" ya fara amsa wannan tukuna: zai kunna shi a falo gaban mahaifiyarsa?

Amma masu cewa shi ke mai da yara 'yan ta'adda su ma ana bin su bashin dalili. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai, sannan a 2020 ta fito ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da za a jingina musu aikata ta'asa. Ba tufka da warwara ba ne, abu biyu ne daban. A gwaje-gwajen ɗakin bincike, zafin rai sau da yawa ana auna shi ne da ƙarfin ƙarar da mutum ya aika wa abokin karawarsa a kunne, ko yawan yajin da ya zuba wa wani a abinci bayan ya gama wasa. Tsakanin wannan da ɗaukar makami akwai tafiya mai nisa. A 2019 masu bincike a jami'ar Oxford sun duba matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu game da halinsu, ba su ga alaƙa ba.

Ɗalibai suna son kawo wannan binciken na Oxford, su tsaya nan. Mai tunani ba ya tsayawa nan. Su wa aka bincika? 'Yan 14 da 15 a Birtaniya, ba ɗan shekara tara da ya tara kuɗin tara ya shigo shago a Gidan Igwai ba. Me aka auna? Faɗa da tsokana, ba ashar da yaro zai kwasa ko yadda zai riƙa kallon mace ba. Haka shi ma wanda ya ce ya san yaron da ya lalace saboda gem, a tambaye shi: wasan ne ya sa shi faɗa, ko dama mafaɗaci ne shi ya sa yake son wasan? Yara nawa suka buga ba su lalace ba? A garin da aka gaji tambayar malami ina nassinsa, bai kamata wannan ya zama baƙon abu ba.

Kuma mu a jihar nan mun san tashin hankali na gaske. Abin da ke faruwa a Isa da Sabon Birni da Rabah, masu nazarinsa suna maganar satar shanu, rikicin gona da kiwo, makaman da ke ƙetaro iyaka, kuɗin fansa, da ƙarancin jami'an tsaro a karkara. Babu PlayStation a lissafin. Ɗora laifin a kan gem hanya ce mai sauƙi ta kauce wa tambayoyi masu wuya. Sai dai wannan gaskiyar tana da ɗaya fuskar: a cikin birni yanzu akwai yaran da suka baro waɗancan garuruwa da ƙarar bindiga a kunnensu. Mai shagon da ya ƙure sautin harbi har titi ya tuna da su.

Faɗan da ake yi a shagon gem ma, idan aka bi diddigi, galibi ba a kan GTA ba ne. A kan ƙwallo ne, da kuɗin da aka ɗora a kai, da wanda ya ci lokacin wani. Illar da ta fi tabbata ita ce ta lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a matsayin lalura a 2019, ta fara aiki a kundinta a 2022, kuma ma'auninta ba irin wasan ba ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarna, har tsawon aƙalla wata 12. GTA ba shi da busa ta ƙarshe irin ta ƙwallo, shi ya sa La'asar kan wuce, lacca ta wuce, ana "bari in ƙarasa wannan".

Yanzu kuɗi, wanda kusan babu mai kawo shi a gardamar. A Los Santos sana'ar halal ba ta biya. Tuƙin tasi da jan motoci ɗaruruwan daloli ne, fashin ƙarshe kuma gwal ne na sama da dala miliyan 200. Idan an kashe ka, ka farka a ƙofar asibiti an cire abin da bai wuce dala 5,000 ba. 'Yan sanda, ko taurari biyar ne a kanka, wato ƙarshen matakin nemanka, idan ka ɓuya na ɗan lokaci sun manta. Riba tana da girma, sakamako ba shi da nauyi.

Masu kare wasan za su ce ai ba'a ce ake yi wa masu kuɗin Amurka, kuma haka ne. Michael yana zaune a katafaren gida mai wurin ninƙaya, matarsa da 'ya'yansa ba sa ganin girmansa, yana biyan likitan ƙwaƙwalwa don ya samu mai saurarensa. Franklin ya samu gida a kan tudu ya rasa mutanen unguwarsu. Gidajen rediyon cikin mota shaguɓe ne daga farko har ƙarshe, Lifeinvader, shafin sada zumuntar cikin wasan, kuma Facebook ake tsokana. To amma ina wannan saƙon yake? Yana cikin Turancin Amurka mai sauri da karin maganar titi, a hirarrakin da ke tsakanin ayyuka. A shagon da janareto ke ruri, ana biyan kuɗi da minti, wa zai tsaya sauraron hira? Danna maɓalli ake yi a tsallake. Da an tsallake ba'ar, abin da ya saura shi ne mota, gida, jirgi da lambobin da ke hawa a kusurwar allo. Wasan da aka rubuta don ya yi wa kwaɗayi dariya sai ya koma tallan kwaɗayi. Wannan shi ne babban aibinsa a wurinmu, kuma ba aibin da mai bita a Landan zai lura da shi ba ne.

Kasuwar hannun jarin cikin wasan ta fi nuna haka. Guda biyu ce: LCN tana aiki ba intanet, BAWSAQ sai an haɗa. Hanyar da kowa ya sani ta tara dukiya ita ce ayyukan kisa biyar da Lester, mai tsara musu fashi, ke ba Franklin. Na farko dole ne a cikin labari, sauran huɗun ana ajiye su sai an gama fashin ƙarshe. Sannan a zuba kuɗin mutum ukun duka a kamfanin taba na Debonaire, a yi aikin da zai karya abokin hamayyarsa Redwood, a sayar idan ya hau, a saye Redwood da ya faɗi, a kwanta barci a wasan har ya farfaɗo. Da haka ake kaiwa ɗaruruwan miliyoyi, har kusa da iyakar da wasan ke iya ƙirgawa, dala 2,147,483,647. Akwai ɗaliban da ke cewa a nan suka koyi hannun jari. Abin da suka koya shi ne akwai wani Lester da ya san gobe, kai dai ka zuba duk abin da ka mallaka. Da wannan tunanin MMM ta ja mutane da alƙawarin kashi 30 a wata kafin ta daskarar da asusu a Disamba 2016, da shi CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 kafin ta rufe a Afrilu 2025. Ba mu ce wasan ne ya jawo su ba, kada mu faɗa ramin da muka hana wasu. Muna cewa ƙwaƙwalwar da ta saba da riba ba asara tana buƙatar wanda zai tambaye ta: kuɗin nan daga aljihun wa suke fitowa?

A GTA Online, wato wasan intanet ɗin, amsar a fili take: daga aljihunka. An buɗe shi a Oktoba 2013, kuma an tsara farashin motoci da gidaje yadda ko dai ka kwashe makonni kana maimaita aiki ɗaya, ko ka sayi Shark Card, wato kuɗin wasa da kuɗin gaske, mafi tsadarsa kusan dala 100. A PS4 da PS5 sai da rajistar PlayStation Plus, ga data, ga sabuntawa masu nauyin giga da yawa. A 2019 aka ƙara gidan caca a ciki. Ga kuma masu sayar da asusun da aka cika da kuɗin bogi, wanda kamfanin kan share ko ya rufe idan ya gano. Ga ɗalibin da ke jiran kuɗin abinci daga gida, ba mu ga abin da zai kai shi can ba. Labarin faifan ya ishe shi, ba ya neman intanet, ba ya neman ƙarin ko kwabo.

Baligi mai jin Turancin, wanda zai iya tsayawa idan an kira salla, kuma ya san akwai wuraren da zai kauce wa a garin, zai samu wasa mai inganci, kuma faifan hannu ya wadatar. A duba bayansa a haske kafin a biya, a sa mai shago ya saka shi ya fara lodawa a gabanka, domin faifan da ya karce yakan tsaya ne a tsakiyar lodi, ba a farko ba. Uban da ya sayo wa gida PS4 saboda ƙwallo ya shiga Settings, sai Parental Controls/Family Management, ya buɗe wa yaro asusunsa daban, ya sa iyakar shekaru da awannin wasa na kowace rana. Lambar sirrin da na'urar ke zuwa da ita 0000 ce, kuma yara sun san haka, a canja ta. Masu shago kuma, tebur ɗaya a can ciki mai fuskantar bango, da abin sauraro na kunne, ga manya kawai. Ƙananan su tsaya a ƙwallo da tseren mota.